Yadda ake tsara lokaci da girman aiki a fim ɗin katun na ɗalibai

A cikin sakan ɗaya na fim akwai hoto 24, kowanne ana ce masa firam. Masu zanen hannu ba kasafai suke zana duka 24 ɗin ba, sukan bar kowane zane ya zauna a firam biyu, sai sakan ɗaya ya ci zane 12. Minti ɗaya ke nan zane 720, fim mai minti biyar kuma zane 3,600. In kowane zane, daga zayyanar farko zuwa gyaran layi zuwa shafa launi, yana cin minti 15, to wannan fim mai minti biyar yana neman awa 900 a motsi kaɗai. Ba a yi maganar rubutun labari ba, ba a zana wuraren da abin ke faruwa ba, ba a taɓa sauti ba. Ɗalibin da ke da darussa da jarrabawa a gabansa ba shi da waɗannan awanni, kuma yawanci ba ya gane haka sai an wuce rabin shekara. Saboda haka awannin da kake da su ne za su yanke tsawon fim ɗin, sannan a nemo labarin da zai shiga ciki.

Fara da ƙirga awanninka

Ɗauko kalandar makaranta, ka ƙirga makonnin da ke tsakanin yau da ranar miƙa aiki. A ce 30 ne. Cire makonnin jarrabawa da na hutu da waɗanda ka san aikin wasu darussa zai cinye. A ce 26 suka rage. Sai ka duba awa nawa za ka iya zama kan fim ɗin a mako, zama na haƙiƙa wanda hannu ke kan aiki. Kada ka yi ƙiyasi da ka, ka rubuta awannin da ka yi a mako guda na yau da kullum ka gani. A ce 20 ne. Jimla awa 520.

Daga nan ka cire kashi ɗaya cikin huɗu, awa 130, ka ajiye gefe kamar babu su. Wannan rarar ta rashin lafiya ce, da kwamfutar da za ta mutu, da shot, wato guntun fim da ke tsakanin yanka da yanka, da za a sake daga farko. Daniel Kahneman da Amos Tversky sun bayyana tun 1979 cewa ɗan Adam yana raina lokacin da aikinsa zai ci, ko da kuwa ya san irin wannan aikin ya saba wuce wa'adi. Sanin haka ba ya warkar da mutum, cire rara tun farko ita ce magani.

Awa 390 da suka rage ka raba su uku: kusan 90 na shiri, wato labari da siffanta 'yan wasa da allon labari (labarin a ƙananan hotuna) da animatik (hotunan nan a jere da sauti) da naɗar murya, 240 na ainihin motsi da zanen wurare, 60 na harhaɗa hoto da sauti da tacewa da fitar da fim.

Gwajin sakan biyar

Wannan ne matakin da ɗalibai suka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi kowanne amfani. A mako na farko ko na biyu, tun labari bai gama zama ba, ka yi sakan biyar na fim a irin salon da kake so, ka kai shi ƙarshe: motsi, layi, launi, inuwa in za a sa, zanen bango, harhaɗawa, har fitar da bidiyo. Kada ka zaɓi abu mai sauƙi kamar fuska tana kifta ido. Zaɓi matsakaici, misali mutum ya miƙe daga kujera ya juya. Kunna agogo duk lokacin da ka zauna, ka kashe in ka tashi, ka rubuta abin da kowane mataki ya ci daban.

In sakan biyar ɗin ya ci awa 15, farashin sakan ɗaya a wurinka awa 3 ne. Raba 240 da 3, ka samu sakan 80. Fim ɗinka minti ɗaya da sakan 20 ne. Abin ba daɗin ji ga wanda ya zo da labarin minti bakwai a ransa, amma a manyan kamfanonin katun ma ƙwararren mai motsi sakan kaɗan yake gamawa a mako, shi da ke da wasu masu yi masa bango da haske da sauti.

In kana son fim ya fi haka tsawo, hanya ɗaya ce: ka rage farashin sakan. Bar inuwa, ko ka bar layin a zayyanarsa ba tare da gyara ba, ko ka koma zane 8 a sakan, kowane zane a firam uku, ko ka rage launuka zuwa huɗu ko biyar. Sai ka maimaita gwajin ka ga sabon farashi. Gwajin yana kuma tona matsalolin manhaja tun da wuri, kamar launin da ke canzawa in an fitar da hoto daga Krita, manhajar zane, zuwa DaVinci Resolve, manhajar tace bidiyo, ko bangon da ya kamata ya fito babu komai sai ya fito fari. Gara ka haɗu da su a mako na biyu.

Abin da ke da tsada da abin da ke da arha

Sakan da sakan ba ɗaya ba ne. Kafin ka rubuta labari ka san abubuwan da ke cin lokaci:

- Tafiya ko gudu da ake ganin ƙafa tana taka ƙasa. Tafiyar yau da kullum taku biyu ce a sakan, zane 12, kuma in ƙafar ta zame ko kaɗan ido zai kama.
- Dabba mai ƙafa huɗu.
- Hannu yana ɗaukar abu, yana ɗaure igiya, yana sa riga.
- Ruwa, wuta, hayaƙi, dogon gashi, tufa mai kaɗawa.
- Taron jama'a.
- Kyamara mai zagaya ɗan wasa a zanen hannu, domin sai an sake zana bangon a kowane firam.
- Tufa mai zane-zane. Riga mai ratsi goma za ka zana ratsin nan sau ɗaruruwa.
- Magana, saboda daidaita baki da murya.

Kowane sabon ɗan wasa kuma yana zuwa da nasa kaya: siffanta shi ta gaba da gefe da baya, zaɓen launi, in fim ɗin 3D ne kuma ga ƙera jiki da sa masa ƙasusuwan sarrafawa. Haka ma kowane sabon wuri. Ga ɗalibi ɗaya, 'yan wasa biyu da wuri ɗaya ko biyu sun isa.

Dubi wannan jimla ta rubutun labari: "Yarinya ta hau bene, ta buɗe ƙofa, ta shiga ɗaki, ta zuba ruwa a kofi." In aka nuna komai yadda yake, sakan 14 ne, zane 168, awa 42, wato aikin mako biyu. Ga wata hanya. Kyamara tana cikin ɗaki tana kallon rufaffiyar ƙofa, ana jin takun ƙafa yana matsowa, sakan uku da zane ɗaya. Mariƙin ƙofar ya juya, zane shida. Yarinyar ta leƙo daga ƙirji zuwa sama, ta dubi ɗakin, zane kamar 20. A yanka zuwa fuskar wanda ke kwance yana buɗe ido, ana jin ƙarar zubar ruwa, zane huɗu. Zane 31 ke nan, ƙasa da awa takwas, kuma sau da yawa wannan ta fi ta farko ɗaukar hankali, domin mai kallo yana jiran ya ga wa zai shigo. Wannan dabara ba ta ragwaye ba ce. Kamfanin Hanna-Barbera da aka kafa a Amurka a 1957, da Osamu Tezuka a Japan daga 1963, da irinta suka iya fitar da shirin talabijin kowane mako: jiki a tsaye baki kaɗai ke motsi, tafiya ɗaya ana maimaita ta, kyamara tana ja a kan bangon da ba ya motsi.

Rubutun fim a tsarin da aka saba, shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne. In rubutunka ya kai shafi huɗu alhali sakan 80 kake da shi, ba gyara yake buƙata ba, wani labarin ake nema ko wani yanki guda daga cikinsa.

Allon labari, animatik, da ranar kullewa

Zana labarin a ƙananan hotuna, kowanne bai wuce tafin hannu ba, cikin sauri, ba ado. Hoton da ya ci fiye da minti biyar ya yi kyau fiye da kima, kuma zai yi wuyar jefarwa. Bayan nan ka jera su a manhajar tace bidiyo, ka ba kowanne tsawonsa, ka sa murya ko da taka ce ta wucin gadi, da ƙarar ƙofa da taku da kiɗan gwaji. Wannan shi ne animatik, fim ɗin gaba ɗaya kafin a motsa komai.

A nan ake duk wani canji, domin a nan canji ya fi arha. Cire shot daga animatik asarar minti biyar ce. Cire shi bayan an motsa an shafa launi asarar awa 12 ce. Nuna wa mutum uku ko huɗu da ba su san labarin ba, kada ka yi musu bayanin komai, in sun gama ka ce su ba ka labarin abin da suka gani. Inda suka ruɗe, nan ne matsalar take. Kada ka tambaye su ko ya yi kyau, abokai za su ce ya yi.

Sai ka sa ranar da za a kulle animatik, a wannan misalin ƙarshen mako na biyar. Bayan ranar an yarda a rage, ba a yarda a ƙara ba. In sabuwar dabara ta zo a mako na goma, kuma za ta zo, sharaɗin shigarta shi ne a cire wani abu mai farashi daidai da nata. In ba a samu abin cirewa ba, a rubuta ta a littafi, ta fim na gaba ce. Fim ba ya kumbura rana ɗaya. Sakan biyu ne a nan, kyanwa a bakin taga a can, ruwan sama don yanayi ya fi daɗi, sai a wayi gari an ƙara aikin wata guda ba wanda ya yanke shawarar haka.

In akwai magana, a naɗi muryar ƙarshe kafin kullewa. Ana motsa baki ne bisa murya, in aka sake naɗa daga baya tsawon kalmomin zai canza, aikin bakin ya tashi a banza.

Jadawalin shot

Shot shi ne duk abin da ke tsakanin yanka da yanka. Fim mai sakan 80 zai kai shot 20 in matsakaicinsu sakan huɗu ne. Buɗe jadawali a Google Sheets ko Excel, kowane shot da layinsa. Ga abin da za a sa a jere: lamba, ƙaramin hoto daga animatik, yawan firam, 'yan wasan da ke ciki, bangon da yake buƙata, awannin da aka ware masa, awannin da ya ci, wanda ke riƙe da shi, da matakin da yake. Lambobin a yi su goma-goma, 010, 020, 030, don in an raba shot biyu a samu 025 ba tare da an birkita sauran ba. Rukuni mai yawa zai iya amfani da Kitsu, wadda aka yi musamman don bin diddigin aikin katun, amma jadawali ya wadatar.

Akwai ginshiƙai biyu da suka fi sauran. Na farko wahala: mai sauƙi, matsakaici, mai wuya. Na biyu muhimmanci: 1 ga shot ɗin da in babu shi ba a gane labari, 2 ga wanda ke ƙara ma'ana, 3 ga wanda ado ne. Duk shot da ya fito mai wuya kuma muhimmancinsa 3, ka cire shi yanzu. Masu wuya kada su wuce uku ko huɗu a cikin 20, kuma su faɗo a inda labarin ya kai ƙololuwa. Tara awannin da ka ware, in sun wuce 240 ka koma animatik da almakashi.

Kalanda daga ƙarshe zuwa farko

Fara daga ranar miƙa aiki ka yi baya. Makonni huɗu na ƙarshe, 23 zuwa 26, a bar su babu komai. Mako na 20 zuwa 22 harhaɗawa da sauti da fitarwa. Mako na 6 zuwa 19 motsi da bango, makonni 14 ke nan, amma aikin 12 za a tsara, biyu rara ce, ɗaya a tsakiya ɗaya a ƙarshe. Mako na 1 zuwa 5 shiri. Ranar da za ka riƙe a ranka a matsayin wa'adi ita ce ƙarshen mako na 22. Cyril Northcote Parkinson ya rubuta a 1955 cewa aiki yana faɗaɗa har ya cika duk lokacin da aka ba shi, don haka wanda ya sa ido kan mako na 26 zai cinye rarar tun bai kai gare ta ba.

Sakan 80 a mako 12 yana nufin kusan sakan bakwai kowane mako. Wannan lamba ita ce ma'auninka. Kowane ƙarshen mako ka cire hoton animatik ka sa sabon shot a gurbinsa, ka kalli fim ɗin daga farko, ka rubuta sakan nawa aka gama. "Na kusa gamawa" ba ya shiga lissafi, shot ko ya wuce mataki ko bai wuce ba.

Mako na uku na motsi shi ne na faɗa wa kai gaskiya. Ya kamata a ce kana da sakan 20. In 12 kake da su, saurinka sakan huɗu ne a mako, kuma a mako 12 sakan 48 za ka samu. Ko ka zuba duk rarar makonni shida a ciki, 72 ne, bai kai ba. Kada ka ce za ka ƙara himma. Hannu yana ƙara sauri kaɗan da sabo, amma ba ya ninkawa, kwana a zaune kuma yana haifar da shot ɗin da za a sake washegari. Yanke shawara a wannan makon: a cire masu muhimmanci 3, a sauƙaƙa salo, ko a haɗa biyun.

Da wane shot za a fara

Kada ka fara da shot na ɗaya. Aikinka na farkon makonni shi ne mafi rauni, hannu bai saba da ɗan wasan ba, buɗewar fim kuwa ita ce mai kallo ke fara yanke hukunci da ita. Fara da matsakaitan shot na tsakiya guda biyu ko uku. Bayan su ka shiga masu wuya masu muhimmanci 1, lokacin hannu ya faɗa kuma ƙarfi bai ƙare ba. Buɗewa da rufewa su biyo baya. Masu sauƙi da na ado su zo ƙarshe, don in lokaci ya ƙure su ne za a sadaukar.

Yi aikin zagaye-zagaye. Zagaye na farko manyan tsayuwar jiki a duk shot ɗin fim, na biyu zanen da ke cike tsakaninsu, na uku gyaran layi da launi, na huɗu ƙawatawa in lokaci ya rage. Amfanin haka shi ne a kowane lokaci kana da fim cikakke, sai dai ingancinsa ke hawa. Wanda ya goge shot ɗaya har ya yi ƙyalli kafin ya taɓa na biyu, shi ne ke zuwa ranar nuni da sakan 30 masu ban sha'awa, sauran kuma hotunan animatik.

Kowane shot yana da awanninsa. In ya ci rabin abin da aka ware masa a kan ƙari, wato an ba shi 10 ya kai 15, ka ajiye shi yadda yake ka wuce. Kuskuren da kake gani bayan ka kalli shot sau ɗari, mai kallo sakan uku zai gan shi, sau ɗaya.

Gyaran malami da na abokai ma a yi masa iyaka. Rana ɗaya a mako, zagaye biyu ga kowane shot. Kasa shawarwarin uku: ba a gane abin da ke faruwa ba, wannan dole a gyara, akwai kuskuren da ido ke kamawa, a gyara in bai wuce awa biyu ba, "da ni ne da na yi kaza", wannan a gode a wuce. Ka je wa malami da jadawalinka, domin in ya ga farashin shawararsa a awanni, shi da kansa zai taya ka zaɓe.

In aikin rukuni ne

Mutum huɗu ba sa yin ninki huɗu na aikin mutum ɗaya. Tsakanin mutum huɗu akwai hanyoyin magana shida, tsakanin shida akwai 15, kowacce tana cin lokaci. Lissafa huɗu a matsayin uku. Fred Brooks ya lura tun 1975, a fagen rubuta manhaja, cewa ƙara mutane a aikin da ya makara yana ƙara masa makara, kuma haka yake a nan: sabon hannu a mako na 18 sai an koya masa salo da tsarin fayil, mai koyarwar kuma ya bar nasa aikin. In za a nemi taimako daga baya, a ba shi abin da ba ya buƙatar bayani, kamar shafa launi bisa samfuri.

A naɗa mutum ɗaya mai yanke magana kan labari da salo, wani kuma mai riƙe jadawali, kada su zama mutum ɗaya, domin mai labari ba ya son yanka. Kowane shot sunan mutum ɗaya ke kansa. A lura da inda aiki ke tsayawa jiran wani: in mai ƙera ɗan wasa bai gama ba, masu motsi uku suna zaune. Maganinsa a ba su ɗan wasan wucin gadi mai girma da gaɓoɓi iri ɗaya su fara da shi.

Lissafin renda ga masu 3D

Renda shi ne lokacin da kwamfuta ke fitar da kowane firam da haskensa da inuwarsa, kuma ba a zama a yi shi da hannu, shi ya sa ake mantawa da shi a kalanda. Sakan 80 firam 1,920 ne. In kowane firam yana cin minti shida a Cycles, injin renda na manhajar Blender, awa 192 ke nan, kwana takwas kwamfuta ba ta huta ba, kai ma ba ka taɓa ta ba. Kuma da wuya a yi sau ɗaya a dace, ka lissafa biyu. A Eevee, injin Blender mai sauri, in firam yana cin sakan 15, duka fim ɗin awa takwas ne. Wannan zaɓi a yi shi a gwajin sakan biyar, domin haske da kayan jiki ba sa fitowa iri ɗaya a injinan biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Girman hoto ya tsaya a ɗigo 1920 a faɗi da 1080 a tsaye. Girman 4K yana da ɗigon hoto ninki huɗu, lokacinsa ma kusan haka. Rage yawan samfurin haske ka kunna mai share dusar hoto. In kyamara ba ta motsi, fitar da bango sau ɗaya, 'yan wasa daban, a haɗa daga baya. Kullum ka fitar da jerin hotuna, PNG ko EXR, kada ka fitar da bidiyo kai tsaye: in kwamfuta ta ɗauke a firam na 900, jerin hotuna za ka ci gaba daga 901, bidiyo kuwa ya tafi duka. Kafin ka saki shot gaba ɗaya, fitar da firam na farko da na tsakiya da na ƙarshe ka duba. Kuma duk shot da aka amince da shi a tura shi renda a daren, kada a tara.

Ƙera ɗan wasa da sa masa ƙasusuwa na iya cinye makonni. In motsi ake auna ka da shi, kuma dokar darasin ta yarda, yi amfani da Rigify, mai haɗa ƙasusuwa a Blender, ko ɗan wasan da aka saki kyauta, ka karanta sharaɗin lasisinsa, ka sa sunan mai shi a ƙarshen fim.

Fayil da sauti

Sunan fayil ya ɗauki lambar shot da mataki da bugu, kamar sh020_motsi_v03. Kada ka rubuta a kan tsohon bugu, ajiye sabo. Kwafi uku a kowane lokaci, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban ko a intanet, kuma sau ɗaya a wata ka buɗe kwafin ka tabbata yana aiki. Kada ka sabunta manhaja a tsakiyar aiki, kuma duk 'yan rukuni su zauna a bugu ɗaya. A yanke yawan firam a sakan tun ranar farko, 24 ko 25, a duba shi a kowace manhaja. Aikin da aka yi a 24 in aka kunna shi a 25, hoton zai riga sauti da sakan ɗaya cikin kowane sakan 25, baki da murya su rabu.

Sauti a naɗe shi WAV a 48 kHz. Ware masa aƙalla mako guda cikin makonni ukun harhaɗawa, domin mai kallo yana yafe wa zane mai rauni, ba ya yafe wa muryar da ba ta fita. Kiɗan gwaji da ka sa a animatik, in na wani ne, ka maye shi da wuri kafin ka shaƙu da shi. Bukukuwan fina-finai suna neman ka mallaki izinin duk abin da ke cikin fim ɗin. In wani zai yi maka kiɗa, ba shi animatik ɗin da aka kulle tun mako na shida.

Akwai kuma ƙananan ayyukan da ba wanda ke sa su a kalanda: sunan fim, jerin sunayen ƙarshe, fassarar ƙasan allo, hotuna uku ko huɗu na talla, taƙaitaccen bayani, da rahoton da makaranta za ta nema. A haɗe suna kai kwana uku.

In saura mako biyu kuma ba a gama ba

Daina ƙawata komai. Buɗe jadawali ka bi wannan tsari. Cire duk shot mai muhimmanci 3 da ba a gama ba, ka kalli fim ɗin ka ga ko ya tsaya da ƙafarsa. Masu muhimmanci 2 ka mayar da su zane ɗaya ko biyu, kyamara tana matsowa a hankali, sauti ya ɗauki nauyin abin da ke faruwa. Masu muhimmanci 1 da suka rage ka gama su a mataki mafi sauƙi da zai zauna da sauran. In dole wasu su fita ba launi, zaɓi sashe guda mai ma'ana, kamar tunani ko mafarki, ya zama duk sashen haka yake, ya fi a ga shot mai launi da marar launi suna bin juna. Lokacin sauti kada a taɓa shi.

Kwana biyar kafin wa'adi ka fitar da fim ɗin yadda yake, a irin fayil ɗin da aka nema, yawanci MP4 mai H.264 don kallo, da ProRes ko DNxHD don ajiya. Kalle shi daga farko har ƙarshe a wata kwamfutar da ba taka ba, da kuma a waya, da lasifika da abin kunne. Nemi firam baƙi tsakanin shot, sautin da ya fashe, sunan da aka rubuta ba daidai ba. Ɗora wannan bugun a inda ake miƙa aiki in tsarin yana barin a maye fayil, sannan ka ci gaba da gyara shot ɗaya-ɗaya, kana fitar da sabon bugu kowane dare, har zuwa kwana biyu kafin ranar.